Takobin da Kawu Eusebio Ya Gyara

Ranar Lahadin farko ta Oktoba ce, ana ruwa tun hantsi, irin ruwan garinmu Magangué da ba ya ɗaukewa sai ya leƙa ɗakin kowa. Mu uku muna barandar gidan su Dayana, ni da ita da Ferney, mun baje takardu a tebur. Wilmer, cikon na huɗu, babur ɗinsa ya mutu a cikin ruwa, bai zo ba.

Shekara biyu muna wannan wasan. Dayana ke jan labari, mu kuma kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, kowa yana jiran juyinsa ya zagayo, dayis, wato ɗan ƙwallon jefawa mai fuska ashirin, kowace da lambarta, ke raba gardama. Nawa maharbi ne, sunansa Lagarto. Makaranta na bar ta a aji uku, gareji wata huɗu na yi, gidan burodi mako biyu. Lagarto kaɗai na taɓa riƙewa ya daɗe haka. Dokar Dayana ɗaya ce: jarumin da ya mutu, takardarsa murhu take shiga, a gaban mai ita.

Muna shirin farawa sai ga Kawu Eusebio, yayan mahaifiyata, ya shigo fakewa. Shekara arba'in yana ƙera adduna da ƙarafan taga. Ni na ce a ba shi takardar wani jarumi da ta rage ba mai ita. Wannan laifina ne.

"Maƙerin Yaƙi," in ji Dayana, tana karanta takardar. "Da guduma yake faɗa, Baba. In makamin wani ya karye, juyi ɗaya ya ishe shi ya gyara."

"Juyi ɗaya minti nawa ne?"

"Daƙiƙa shida."

Kawu ya dube ta. "Wa ya rubuta wannan?"

"Wasu mutane, a littafi."

"Ba su taɓa ƙonewa ba."

Labarin ya kai mu kan wata gada. Wani dodo mai fatar ƙarfe ya tare hanya. Kibiyata ba ta huda shi, takobin Ferney kaɗai ke yanka shi. Ferney ya jefa dayis, ɗaya ta fito, lamba mafi muni, takobin ya karye.

Na ce, "Kawu, kai ne. Ka ce na gyara, ka jefa dayis, shi ke nan."

"A ina ya karye?"

Dayana ta duba takardunta, babu amsar a ciki. "A tsakiya."

"To, na hura wuta."

Juyinsa ya wuce. Dodo ya mari jarumin Ferney.

Da aka sake zagayowa, Kawu ya jawo farantin soyayyen rogo gabansa ya ce, "Ƙarfen wane launi ya yi?"

"Ja."

"Ja kamar me, 'yata?"

"Kamar... tumatir."

"Bai yi ba. Ina fifita."

"Tsoho, cinye ni ake yi!" in ji Ferney.

"Ba gaggawarka ke zafafa ƙarfe ba, samari."

A juyi na uku dodo ya cinye jarumin Ferney. Saura Lagarto, yana ja da baya yana harbin banza. Kawu ya haɗa ƙarfen, ya yi ta dukansa, har yana buga tebur da cokali. Sai ya tambayi inda zai tsoma shi. Dayana, don ta taimake mu, ta ce ga kogi nan ƙarƙashin gada.

"Ruwa? Ya tsage a hannun mutum? A samo mai."

"Kawu, don Allah," na ce. "Duka ɗaya ya rage a kashe min Lagarto. Shekara biyu fa."

"Aikin da zai fita da sunana ba ya fita ɗanye. Har uwarka ta sani."

Dayana ta ce akwai man fitila a jakar maƙerin. Ya shinshina iska, ya ce zai yi. Kafin juyinsa ya dawo, na dodo ya zo. Dayana ta jefa a fili, sha takwas. Lagarto ya faɗi matacce.

Sannan Kawu ya ɗauki dayis, karo na farko, ya jefa. Ashirin, lamba mafi girma. Dayana ta ce a duk ƙasar ba a taɓa ganin takobi irinsa ba.

"To sari dodon da shi mana!" in ji Ferney.

"Na mai shi ne. Ba na aiki da kayan mutane."

Ya jingine takobin a gefen gada, dodo ya cinye maƙerin.

Muka shiga kicin. Mahaifiyar Dayana ta ɗaga kaskonta ba tare da tambaya ba, ta saba. Na sa takardar Lagarto a wuta da hannuna. Kawu ya tsaya yana kallon garwashin, ya ce yanzu ne launin ya yi.

Abin da aka rasa: maharbi ɗaya mai shekara biyu, mai takobi ɗaya mai wata takwas, maƙeri ɗaya mai awa ɗaya da rabi, faranti biyu na rogo, da cokali ɗaya da ya lanƙwashe. Takobin yana nan kan gada, lafiyarsa ƙalau.