Farar Fitila a Ɗaki Na Uku

Shekara goma sha tara Baba Mai-ɓera yana share kejin ɓeraye a ɗakin gwajin jami'a, ba a taɓa kama shi da laifi ba. To, sai ido ya fara cin amanarsa.

Ɗaki na uku ne ya jawo masa. A can an juya wa ɓerayen lokaci, da rana duhu ƙirin, da dare haske. Duk mai shiga da rana, jar fitila kaɗai zai kunna, wadda ba ta damun ɓera. Ɓerayen na Malama ne, ɗalibar digiri na uku, mai goyo. Rabinsu an cire musu ƙwayar halittar da ke riƙe agogon jiki. Safe da yamma takan ɗora su kan faranti mai ɗumi, ta ga daƙiƙa nawa za su yi kafin su ɗaga ƙafa, don ta gano ko jin zafi yana bin agogon nan.

Baba kuwa, a jar fitilar ko tafin hannunsa ba ya gani. Sai ya riƙa danna farar fitila kowace safiya, minti goma kacal, ya gama sharar ya kashe. Haba, ɓera ne fa, minti goma me zai yi masa? Gara haka da ya je ofis ya ce ya tsufa.

Bayan mako shida aka yi taron sashe. Baba na tsaye a bakin ƙofa da bokitinsa, Farfesan da ke duba aikin Malama ya watsa takardunta kan tebur.

"Wannan shirme ne! Masu agogo da marasa agogo duk kansu ɗaya, kamar wani ya dagula musu dare da rana. Ke, in raino ya sha miki kai, ki koma gida mana."

Malama ta sunkuyar da kai. "Kuskurena ne, Farfesa. Zan sake daga farko."

Wallahi Baba ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Tsohon banza, ya ce da kansa, yarinya sa'ar 'yarka ake yi wa wankin babban bargo kana tsaye.

Da la'asar ya same ta tana wanke faranti, jaririn na barci a bayanta.

"Malama, ni ne. Farar fitila nake kunnawa. Idona ne…"

"Na sani, Baba," ta ce, ba ta juyo ba. "Akwai na'ura a bango mai rubuta duk hasken da ya shiga ɗakin. Tun Litinin na duba."

"Kika yi shiru? Kika bari ya zage ki?"

"Saura wata bakwai ka yi ritaya. In na faɗa, yau za su sallame ka. Ni shekara guda ce kawai za ta ƙaru mini."

Kawai! Kalmar ta fi mari zafi.

Ta kashe famfo, ta gyara goyonta. "Waɗannan sun ɓaci, ba su da sauran amfani. Gobe za a kashe su, duka arba'in ɗin. Kai za ka yi, Baba, ni ba zan iya ba."

"To, Malama," ya ce, bai iya ɗaga kansa ba.