Uban Dinya

Miyar tokboki na ɓararraka a faffaɗan kaskon da ke bakin ƙofa, ja wur. Inna Ok-bun, mai shagon, tana juya curin shinkafar da ke cikin miyar da ludayi ba tare da ta duba ba, don idonta na kan mutumin da ke goge mata tebur. Pyo Sang-du ya goge teburin kusurwa, ya sake gogewa. Ya jera kujeru, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya ɗan matsar da ɗaya.

"Kai, za ka kankare min fenti," in ji Inna. "Sarauniya za mu yi baƙuwa?"

"Ye-sol ce, Inna."

"Na sani mana. Tun watan jiya kake huda min kunne. Zauna, kana tare wa masu saye hanya."

Babu wani mai saye. Ruwan da ake tsugawa tun safe ya hana kowa leƙo lungun. Ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

'Yarsa Ye-sol na da shekara tara lokacin da ta tafi Kanada da uwarta, matarsa Mi-ran. A wancan lokacin, a kamfanin kayan gyaran motocin da Sang-du ke aiki, duk wanda ya isa a kira shi mutum ya tura iyalinsa waje karatu. Ana cewa yaron da Koriyanci kaɗai ya iya, babu Turanci, a ƙasar nan an riga an gama da shi tun bai fara ba. Sang-du ya sayar da gidansu, ya koma ɗaki ɗaya a bayan kasuwar Bupyong, yana aika albashinsa can yana rage abin da zai ci. Irinsu ake kira uban dinya, wai don kamar tsuntsun sai shekara ta zagayo suke tashi su ga iyalinsu. Shi ko wannan bai samu yi ba sai a farko-farko. Inna takan ce masa, "Wace dinya? Kai kaza ce, ga fiffike ba tashi."

A shagonta yake cin na dare, ranar hutu har da na rana. A da su biyu ne, shi da wani Malam Ma, malamin lissafi wanda nasa iyalin ke Ostireliya. Wani hunturu Malam Ma ya daina zuwa. Sai da maƙwabta suka fara jin wari sannan aka ɓalle ƙofarsa. Tun daga nan, in Sang-du ya yi fashin zuwa, Inna sai ta kira wayarsa, in ya ɗauka ta ce, "To, kana da rai," ta kashe.

Yarjejeniyar ita ce, in Ye-sol ta gama sakandare za su dawo. Ta gama bana. Satin da ya wuce ya je ya duba wani gida mai ɗaki biyu da falo, tagarsa na kallon dutse. Ya daɗe tsaye a ƙaramin ɗakin yana auna inda gado zai zauna.

* * *

Mi-ran ce ta fara shigowa, tana kaɗe lema. A gidan yayarta suka sauka, don ɗakinsa ba zai ɗauki mutum uku ba. Ta rame, furfura ta cinye mata gefen kai. A bayanta wata doguwar budurwa ta sunkuyo ta shigo, gashinta ya sha rini ruwan ƙasa. Yana ganin fuskar nan a waya duk Lahadi, amma bai san ta fi shi tsawo ba.

Ta tsaya, ta haɗa hannu, ta rusuna masa sosai. "Baba, mun same ku lafiya?" Irin gaisuwar da ake yi wa shugaban makaranta.

Ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarta, sai hannun ya zarce ya ja mata kujera.

"Ikon Allah!" Inna ta saki ludayi ta taho tana goge hannu. "Wannan ce 'yar tsurut ɗin nan da ke hawa kujera tana leƙa min kasko? Me suke ba ku a can, taki? Kin gane ni kuwa?"

Ye-sol ta dubi uwarta. Mi-ran ta faɗa mata wani abu da Turanci ƙasa-ƙasa, yarinyar ta yi murmushi ta gyaɗa kai.

Inna ba ta jira an ce komai ba. Ta cika teburin: tokboki da dafaffen ƙwai a tsakiya, kimbab, naɗin shinkafa a ganyen teku, yanka-yanka yana ƙyallin man riɗi, soyayyen dankalin Hausa, kifi a tsinke cikin romo mai tururi. Ta dire wa Mi-ran tukunyar miyar kimci, ta kabeji mai tsami da yaji, tana tafasa. Mi-ran ta kai cokali ɗaya, ta rufe ido, sannan ta sunkuya ta kama ci kamar wadda ta kwana da yunwa. Sang-du ya lura da hannayenta. Fatar ta tsage, farcen ya dushe. Ta taɓa gaya masa tana ɗan taimaka wa wata a shagon wanki. Bai tambayi ko awa nawa ba.

"Ci mana," ya ce wa Ye-sol. "Kin tuna? Duk Asabar nan muke zuwa. Har kuka kike yi in an ce a tafi."

Ta ɗauki curi ɗaya ta sa a baki. Nan da nan idonta ya kawo ruwa, ta kama tari, ta rarumo ruwa. Inna ta kwashe da dariya daga inda take. "Assha, sun lalata miki harshe!"

Sang-du ya jawo kofinsa, ya ɗauki wani curin ya tsoma a ruwa, ya kaɗa har jan ya fita ya zama fari, ya ajiye a farantinta. Haka yake mata tun ba ta iya riƙe tsinken ci ba. Ta dubi farin curin, ta dube shi. "Na gode," ta ce. Ta cinye, kamar yadda baƙo ke cinye abin da aka zuba masa.

Sun yi hirar jirgi, da zafin bana, da ciwon ƙafar yayar Mi-ran. Da hirar ta ƙare ya gyara murya.

"Na ga wani gida. Ɗaki biyu. Akwai haske."

Mi-ran ta ajiye cokali. Ba ta ɗago ba. "Baban Ye-sol, ta samu jami'a a can. Sun amsa mata tun kafin mu taho. Na so in faɗa maka ido da ido."

"Jami'a."

"Shekara huɗu ce. In ta zaɓi likitanci, ya fi haka. A nan wace jarrabawa za ta ci? Ko jarida ba ta iya karantawa sai da ƙyar."

"Ke fa?"

"In bar ta ita kaɗai?"

"Amma mun ce in ta gama sakandare…"

"Kai ka ce." Babu faɗa a muryarta, gajiya ce kawai. "Kai ka ce mu tafi, kai ka ce yaushe za mu dawo. Mu dai mun tafi."

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ce yayarta ce, ta ɗauki lema ta fita ta tsaya ƙarƙashin rumfa. Ta gilashin da tururi ya rufe yana hango bayanta. Bai ga ta kai wayar kunne ba.

* * *

Su biyu suka rage. Inna ta juya musu baya tana naɗe kimbab ɗin da ba wanda ya yi oda.

Ye-sol na jujjuya tsinken kifi a cikin romo. Da ta fara magana, a hankali ta fara, tana tsayawa tana laluben kalma.

"Baba, zan faɗi wani abu. Koriyancina ba kyau, ku yi haƙuri."

"Faɗi."

"Ranar da muka tafi, a filin jirgi, na riƙe ƙafar wandonku. Kun tuna? Kuka ɓamɓare hannuna, yatsa ɗaya-ɗaya. Kuka ce in koyi Turanci da kyau."

Ya tuna filin jirgin. Ya tuna jakunkuna, da layi, da yadda ya ji tsoron kada su makara. Bai tuna yatsun ba.

"Shekarar farko ba wanda ya yi min magana a makaranta. Mama tana sa min kimbab, yara suka ce yana wari. Sai na koma ci a banɗaki. Ina rufe ƙofa, in ɗaga ƙafata sama don kada a gane da mutum. Mama tana kuka a kicin, ni ina yi a ɗaki. In Lahadi ta zo sai mu wanke fuska mu jira kiranku."

"Me ya sa ba ku gaya min ba?"

"Kullum abu ɗaya kuke tambaya. Ta nawa na zo a aji." Ta saki tsinken kifin. "Na daɗe ina zaton laifi na yi, shi ya sa kuka kore mu. Sai da na girma na gane ba haka ba ne. Na san kun sha wahala. Mama ta ce ɗakinku ko taga babu."

"Akwai taga. Ƙarama."

"Ba fushi nake ba, Baba. Na so a ce fushi nake, da ya fi sauƙi. Kawai dai…" Ta faɗi wata kalma da Turanci, ta girgiza kai, ta sake nema. "Ban san ku ba. In na zauna da ku ban san me zan ce ba. Don Allah kada ku ce in dawo. Sau ɗaya aka tumɓuke ni, na sha wuya kafin na kama. Ba zan iya na biyu ba."

Sang-du ya jira ya ji wani abu. Ya san nan ne wurin da mutum ke kuka, ko ya daki tebur, ko ya roƙi gafara. Ya laluba cikin ƙirjinsa kamar mai taɓa dasashin da likita ya yi wa allura: ya san naman na nan, amma ba ya jin sa. Ruwa na ɗiga daga rumfa cikin bokiti. Miyar da ke farantin ta fara yin fata a sama.

"Ci kimbab ɗin," ya ce. "Shi ba yaji."

Ta ɗauki yanka ɗaya ta ci.

Da Mi-ran ta dawo idonta ya yi ja. Ya raka su bakin titi, ya tare musu tasi, ya riƙe musu lema har suka shiga. Ye-sol ta sake rusuna masa ta taga. Bai koma shagon ba. Ya tsaya a ƙarƙashin rumfar wani kanti ya kira dillalin gida, ya ce masa ya fasa, ya ba wani.

* * *

Mi-ran da Ye-sol sun koma Kanada kafin damina ta ɗauke. Ya ci gaba da tashi, da shiga jirgin ƙasa zuwa aiki, da aika kuɗi a ƙarshen wata. Kiran Lahadi ya gajarce, don Ye-sol ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, Mi-ran kuma ta ƙara ranakun aiki.

Wata Asabar da ganyen bishiyoyi ya fara ja, wani matashi daga sashensu a kamfani, No Dok-hwan, ya nemi ya gan shi. Sang-du ya ce ya same shi a shagon Inna. Matashin ya zo da sabuwar riga, yana ta fara'a, tun bai zauna ba ya miƙo waya da hoton wani yaro mai giɓi.

"Ɗana ne, Yallaɓai. Shekara bakwai. Da bazara zan tura su Kanada da uwarsa. Mun sa gida a kasuwa." Ya matso da kujera. "Uwar na ta ja da baya, wai yaro ya yi ƙanƙanta. Na ce mata ki dubi Yallaɓai Pyo! Kowa a ofis da ku yake misali. 'Ya a jami'ar waje, wa ya kai ku? Shi ya sa na ce bari in zo in ji daga bakinku. Me ya kamata in sani?"

Inna ta kawo kwanon miya ta dire a gaban Dok-hwan har ya fantsalo. Ta dubi hoton, ta dubi Sang-du, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta koma wurin kaskonta.

Sang-du ya kalli yaron mai giɓi. Maganar tana nan a bakinsa, ya san farkonta, ya san ƙarshenta. Amma doguwa ce, kuma ya gaji, ga matashin nan yana kallonsa da ido irin na wanda ya riga ya yanke.

"Ka nemi ɗaki a nan kusa," ya ce. "Bayan kasuwa ya fi araha. Inna ba ta rufewa ko ranar biki."

Dok-hwan ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya waiga hagu da dama yana neman cokali, ya ɗaga hannu zai kira Inna. Sang-du ya kama hannun ya sauke masa shi, ya kai shi gefen teburin, inda wata 'yar durowa take a ɓoye. Ya ja masa ita. Cokula da tsinkunan ci na kwance a jere.

"Ga su nan," ya ce. "Da kanka za ka riƙa ɗauka."