Rijiyar Da Ta Kashe Fitila

A zauren Bakari aka yi cinikin, a Ƙofar Dumi, saura wata guda Turawa su miƙa mulki. Malam Habila, mai koyarwa a wata makaranta a Ɗan Iya, yana neman labarin jarumi ɗan gida da zai karanta wa jama'a ranar bikin miƙa mulkin. Bakari kuwa mai haƙar rijiya ne, mutum huɗu ya taɓa cirowa daga rami da ransu.

"To ni me zan samu?" in ji Bakari.

"Suna, Baba."

"Ina da suna, Malam. Har rago aka yanka."

Malam Habila ya yi dariya, ya gyara zama. Ya ce mutanen Girka na dā, a wurinsu jarumi shi ne wanda ya shiga inda ba a dawowa, ya dawo. In aka ce masa ga tsawon rai ba wanda ya san shi, ga mutuwar wuri ana ambatonsa har abada, sai ya ɗauki ta biyu.

"Waɗannan mutanen ba su da iyali ne?"

"Suna da su."

"Allah ya ji ƙan matansu."

Amma ya yarda, bisa sharaɗi guda: a kira yayansa Hammawa, a ba shi kujera a gaba. Bakari Bafillace ne. Tun shekarar da ciwo ya share masa garke ya shigo birni ya kama diga, Hammawa bai sake taka ƙofarsa ba. Cewa yake gidansu ba su haifi gafiya ba. Shekara goma sha tara ke nan.

Ranar biki Hammawa ya zo da sandarsa, ya zauna. Malam Habila ya iya baki, gaskiya. Ya kawo jaruman Girka, ya jera su da Bakari, har ya nuna namu ya fi, don shi ba dodo ya je kashewa ba, ɗan'adam ya je ɗaukowa. Aka yi ta tafi. Hammawa bai tafa ba, amma da zai tafi ya ce a gaida Hamsatu, matar Bakari. Kwana uku Bakari yana maimaita wannan gaisuwa a gida.

Rana ta tara bayan biki, da hantsi, sai ga Hammawa a guje. Karsanarsa ta faɗa wata tsohuwar rijiya a bayan Ƙofar Wambai. Kafin su isa wurin ya cika da mutane, har da Malam Habila a kan kekensa.

Masu wannan sana'a ba sa shiga tsohuwar rijiya sai sun tambaye ta. Fitila suke ɗaurawa a igiya su zura. In ta kai ƙasa tana ci, bismilla. In ta mutu, iskar ciki ta lalace, sai a yi ta kaɗa ganye a ramin har yamma, ko har gobe. Bakari ya zura. Igiya ta shiga tsawon gaba shida, fitila ta mutu. Ya kunna ya sake, ta sake mutuwa. Karsanar ma ta daina kuka.

"Hamma, sai gobe," ya ce. "Ina jin ma ta riga ta tafi."

Hammawa bai yi faɗa ba. Da faɗan ya yi da an huta. Dafa masa kafaɗa ya yi a gaban jama'a, ya ce, "Ƙanena, na ji abin da aka karanta. Shi ya sa ban je wurin kowa ba."

"Baba, kada ka shiga!" in ji Malam Habila. "Wancan labari ne kawai!"

Bakari ya dube shi. "Ranar nan ba haka ka ce ba, Malam."

Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu. Ya ce in ya ja sau biyu a fito da shi. Bai ja ko sau ɗaya ba. Da masu riƙon igiyar suka ji ta yi nauyin da ba na mai rai ba, suka janyo. Aka yi ta fifita, aka yi ta kiran sunansa. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Malam Habila ya samu fiye da abin da ya nema: jaruminsa ya cika, irin na Girka sak, har aka buga labarin a littafin yara. An ce bai taɓa yarda ya karantar da shafin ba. Hammawa ya rasa karsana, ya rasa wanda zai kira ƙane. Bakari ya samu kwana tara yana da yaya. Hamsatu kuwa, wadda ba da ita aka yi cinikin ba, ita ta biya duka.