Rigar Sanyin Biboy

Shekara goma sha tara Manang Saling ta yi tana haɗa barguna a garin La Trinidad da kayan yara na gwanjo. Ƴan riguna, safa, wando, ta yayyanka, ta yi musu shafi don kada su saki, ta bi da keke. Hannunta ya saba, ko kallo ba ta yi.

Wannan karon ba gwanjo ba ne. Erlinda, mai sayar da kabeji a kasuwa, ita ta kawo jakar kayan ɗanta Biboy, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana da shekara huɗu. Bargo take so kafin addu'ar arba'in, ranar Asabar. Ta roƙi abu ɗaya: koriyar rigar sanyin da kakarsa ta saƙa masa ta zauna a tsakiya, gabanta cif, har da aljihun.

Saƙar hannu kuwa sai an bi ta da ɗinki layi biyu kafin almakashi ya taɓa ta. Saling ta sani sarai. Amma ta yanka riguna talatin na inji a jere ranar Alhamis, hannun ya zarce kan ta kakar. Tana ɗagawa, saƙar ta fara zubewa. Ta danne da yatsu, ta tura ƙarƙashin allura, keken ya ja zaren ya ƙara ɓarna. Ta gwada kamo madaukan ɗaya bayan ɗaya da tsinke, idonta na ruwa, tana kiran sunan Uwar Yesu. Aljihun ya tafi. Ta zaga rumfunan gwanjo ko za ta dace da riga mai kama da ita, ta tsaya a tsakiyar hanya, kunya ta mayar da ita gida.

Da Erlinda ta zo Juma'a, Saling ta miƙa mata dunƙulen zare mai lanƙwasa, ta faɗi abin da ta yi.

"Manang, ke da ake cewa ɗinkinki ya fi aure daɗewa?" Erlinda ta so yin dariya, bakin ya ƙi. "A aljihun nan Biboy yake ɓoye min duwatsu."

"Ƙanwata, aljihun ba zan iya dawo da shi ba. Zaren dai zan iya ɗaure bargon da shi, ƙulli-ƙulli, ko'ina."

Erlinda ta daɗe tana shinshina dunƙulen. Ta ce ita za ta ɗaure, kada a taɓa mata. Ta zauna a ƙasa, ta nemi babbar allura.