Faifai Na Biyu Na Malam Mordecai

"Amaechi, sake dubawa mana! Mai hoton jirgin ruwa a bangon kwalin, da wani riƙe da takobi."

Zailani tela ya tsuguna a shagon faifan Amaechi a kasuwar Sabon Gari, ya yi sharkaf da gumi, suna ta birkita kwalaye. Zuwansa na huɗu ke nan. Maƙwabcinsa a Samaru, Malam Mordecai, tsohon malamin makaranta, ba shi da aiki sai tara finafinan da aka ɗauko daga tsofaffin littattafan Turawa, irin waɗanda ko masu sayarwa ba su san da zamansu ba. Akwai wani fim da ya samu faifan farko kawai, shekara uku yana cigiyar na biyu. Ga shi ciwo ya ci ƙarfin Malam, har likita ya ce a mai da shi gida.

"Oga, wannan ne?"

Shi ne! Zailani ya haye acaɓa, ko sallama babu.

Al'adar Malam, ya kashe sauti ya riƙa fassarawa da bakinsa, yana yi wa 'yan fim faɗa duk inda suka saɓa wa littafi. Amma yau da matarsa Edith ta jingina shi da filo aka kunna, murya ta ƙi fita. Zuciyar Zailani ta karye. Shi kuwa da Turanci sai dai kallo. Ya gyara zama.

"To, wannan mai gemun tela ne. Sarki ya ba shi ɗinki, ya ɓata wuyan riga, shi ya sa ake bin sa da takobi."

Malam ya buɗe ido. "Kai, Zailani... ji tsoron Allah. Kyaftin ne."

"Malam, yau ni ke fassara. Kyaftin ɗin teloli ne."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Edith na tayawa tana share hawaye. Haka aka yi ta yi, yana gyarawa, Zailani na ƙara gishiri. Da jirgi ya nufi tsakiyar teku, Zailani ya ce Kano mutumin ya tafi sarin zare, jibi zai dawo.

"A littafi nutsewa ya yi," in ji Malam a hankali. "Na fi son naka."

Kwana biyu ya ƙara, ran Laraba da hantsi ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Zailani ya tarar da Edith a falo tana goge kwalayen faifai ɗaya bayan ɗaya da bakin zaninta. Ya jawo kujera, ya riƙa miƙa mata.