Turken da Ya Faɗa Cikin Kututture

Injin yanka katako gare ni a bayan kasuwa, kuma duk gungumen da ya shigo rumfata daga hannun mutum ɗaya yake fitowa, wanda muke kira Mai Tirela. Shi ke da lasisin sara a dajin gwamnati. Ranar da ya zo da kansa, ya zauna a bencina ko garin katako bai kakkaɓe ba, na san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba.

Maganar Auta ce, 'yata, wadda ke yi wa ofishin binciken daji lissafi. Ba mai iya ƙirga itatuwan daji ɗaya bayan ɗaya, sai su raba taswira gida-gida, kwamfuta ta zaɓi wasu kamar ƙuri'a. Duk inda ta faɗa, nan za su kafa turke su auna kaurin itatuwan da ke kewaye da shi. Da haka Auta ke kimanta abin da ke dajin duka, da shi kuma ake yanka wa Mai Tirela iyakar abin da zai sare.

To, ƙuri'ar bana ta faɗa wurare da yawa da ba komai sai kututture. Daraktan ofishinsu ya ce ta cire su, ai kuskure ne, a mayar da turakun bakin rafi inda itace ya yi duhu. Ta ƙi. Sai ya janye motar ofis da direba, ga sauran wurare ba a auna ba. Ya ce in aikin bai kammala kafin zaman kwamitin da ke yanke rabon sara ba, wani zai ba, ita kuma ta koma ɗakin ajiyar iri.

Mai Tirela ya zayyana mini wannan yana kaɗa makullinsa. Ya ce yaran yanzu in sun yi karatu sai su manta abin da ya kai su makarantar.

"Ka yi mata magana, Baban Auta. In aka rage mini, rumfarka zan fara daina kai wa."

Na ce to, zan yi mata.

Na tarar da ita a bakin famfo tana kankare laka daga takalmin daji. Uwarta na ganin fuskata ta ce in na zo ne in tanƙwara yarinyar, in tuna taurin kan ba a gefenta ta samo shi ba. Na ja kujera. Na tambayi Auta ko matsar da turke biyu ko uku zai rushe duniya.

Ba ta ɗago ba. "Baba, in aka kawo maka mota cike da katako, na saman kake dubawa?"

Ta san ni. Tun tana goye nake juya baya in zura hannu tsakiyar lodi in zaro, don mai sayarwa kullum masu kyau yake shimfiɗawa a sama. Ta ce in ta auna bakin rafi kaɗai, takarda za ta ce daji ya cika, a sare ɗan abin da ya rage, kuma sa hannunta ne a ƙasa.

Na tambaye ta hanyar sauran wuraren, na ce ni zan kai ta. Ta ce akori-kurata ba za ta kai ba, ko gangara sai an tura ta. Na ce motar ta girme ta, ta iya bakinta.

Da safe na garƙame rumfa, muka loda turaku da igiyar awo. Akwai hanyar da ta fi kusa, amma ta gaban garejin Mai Tirela na bi, a hankali. Ya fito ya leƙa bayan motar, ya dubi Auta, ya dube ni.

"Maganar da ka yi mata ke nan?"

"Ita ke nan."

Ya ce daga yau in nemi inda zan samo gungume. Na ce ina fasa katako tun bai iya ribas ba, ya matsa kar in taka masa ƙafa.

A daji Auta ta shige gaba tana bin na'urar da ke nuna mata wuri. Muka wuce itatuwan da duk mai zarto zai haɗiyi yawu, ko kallonsu ba ta yi ba, har muka hau wani tudu da wuta ta cinye. Nan ta kafa turke. Ta ba ni bakin igiya ta ce in zagaya. Na zagaya, gwiwata na ƙara, ba abin da igiyar ta taɓa sai kututture. Wani ƙaton itace ne kawai tsaye, bai fi taƙi ɗaya daga bakin igiyar ba. Na ce ko in ɗan ja, igiya ai tana miƙewa.

"Yana waje, Baba."

Ta rubuta sifili. Na naɗe igiya, na tambaye ta ina na gaba. Ta nuna ƙetaren kwari, inda ko sawun mota babu. Na ce ta ɗauko turakun, ni zan riƙe guduma.