Littafin Godiyar Mai Gyaran Fanka

Tun farkon shekara likita ya faɗa wa mai gyaran fanka cewa hawan jininsa ba magani kaɗai yake so ba, sai ya rage ƙorafi. Ya ce kullum ya riƙa rubuta abu ɗaya da ya gode wa. Mutumin da ko ruwa ka ba shi sai ya ce kofin ya yi ƙarami! Amma tsoron mutuwa ba wasa ba ne, ya sayi littafi ya duƙufa.

Ranar ƙarshen shekara ya baje a falo, ya kira matarsa ta zo ta ji irin mutumin da ya zama. Ya gyara murya. Ya gode wa wata tsohuwar fanka da ta tashi bayan ya naɗa mata sabuwar waya. Ya gode wa babur ɗinsa da ya mutu a kan gada ya farfaɗo. Ya gode wa haƙorinsa da ya daina zugi, da famfon banɗaki, har da filayarsa da ta ɓata wata biyu ta dawo. Tana ninke kaya tana saurare har shafin ƙarshe.

"Ka gama, Baban yara?"

"Tas. Kullum na rubuta, ba fashi."

"Ni ina shafina?"

Ya juya littafin gaba da baya. Shekara ashirin da aure, filaya ta samu shiga, ita ko layi ɗaya babu.

"Ai ni abin da ya lalace nake gani," ya ce. "Ke kuwa ba ki taɓa lalacewa ba."

Shi a ransa ya yi mata yabon da babu irinsa. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"To, na lalace."

Washegari babu shayi, babu riga a goge. Maganin hawan jinin ma bai san inda ake ajiye shi ba, balle ya san fari ne na safe ko ja. Ashe shekara guda a tafin hannunsa take sa masa. Kunya ta kama shi sosai.

Ya je ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana sosa ƙeya.

"Maman yara... na gode."

"Ƙara ƙarfi," ta ce daga ciki. "Bai kama ba."

Ya ɗaga murya ya sake faɗa.